Yadda za ku kafa ƙungiyar tattaki a unguwarku ba tare da ta watse bayan sati uku ba

Tun da mutanen unguwa suka fara ganinmu da sassafe muna zagaye, tambayar ba ta wuce biyu, ko dai a ce "ku kuma ina zuwa da asubar nan kamar masu bin sawun ɓarawo?" ko kuma a ce to mu ya za mu yi mu kafa namu. Na gaji da maimaita bayani ɗaya wallahi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya tambaya in tura masa kawai in huta.

Amma bari in fara da tona wa kanmu asiri, sau biyu muka kafa ƙungiyar nan. Ta farko mutuwa ta yi murus. Mun buɗe guruf a WhatsApp, mun zuba mutum kusan arba'in, mun zaɓi ciyaman da sakatare da ma'aji har da mai binciken kuɗi, mun kwashe sati biyu muna musu a kan kalar rigar da za a buga, ranar farko mutum goma sha tara suka fito aka yi hotuna, rana ta biyu takwas, kafin wata ya ƙare babu abin da ya rage sai guruf ɗin da ake tura "Juma'at Mubarak" da bidiyon siyasa. Ta biyun kuwa mu huɗu muka fara, ba riga ba muƙami, dalilin wani yayanmu da ya yi ritaya likita ya ce masa jininsa ya hau dole ya riƙa takawa, ya yi kwana uku shi kaɗai ya ce shi dai ba zai iya ba, kunya yake ji mutane na kallonsa yana yawo ba inda za shi. Ita ce har yau take nan.

Abin da na gane tsakanin biyun nan shi ne, ba son motsa jiki ne yake fito da mutum daga bargo ba, nauyin mutane ne. Kai kaɗai za ka iya karya alƙawarin da ka yi wa kanka sau ɗari ba wanda ya sani, amma ka san Alhaji yana tsaye a bakin masallaci yana jiranka cikin sanyi, to ko ba ka so sai ka tashi. Hausawa dama sun gama magana, zumunci a ƙafa yake. Duk matakan da zan lissafo a kan wannan suke tsaye.

Kuma kar wani ya ce ai kaɗaici ciwon Turawa ne. E, su ne suka fara yi masa suna, a 2018 Birtaniya ta naɗa minista musamman saboda matsalar kaɗaici, Japan ma ta yi nata a 2021, a 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da rahoto yana kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da illar shan karan sigari har 15 a rana. Mu muna taƙama da biki da suna da gaisuwar mutuwa, gaskiya ne, amma ka leƙa sababbin unguwanninmu na bayan gari, kowa ya ja doguwar katanga ya sa get, zaure ya ɓace, maƙwabci sai ya yi wata bai ga maƙwabcinsa ba sai dai ƙarar motarsa. Ga dattijon da ya bar aiki ya rasa wurin zuwa, ga matar da mijinta ke fita tun safe sai dare, ga saurayin da ya gama bautar ƙasa yana ɗaki da waya. Duk namu ne, kuma duk su ake nema.

Mataki na farko: mutum uku zuwa biyar, kuma ka taka ka same su

Kar ka fara da guruf. Ka zauna ka lissafa mutum uku ko huɗu da kuke kusa da juna, wato waɗanda za su iya isowa wurin haɗuwa a ƙafa cikin minti biyar zuwa goma, don duk wanda sai ya tayar da mota ko ya nemi adaidaita sahu kafin ya zo tattaki, to ka sa a ranka na ɗan lokaci ne. Ka je gidansu ko ka tare su bayan sallah ka yi musu maganar baki da baki. Saƙon waya kowa zai ce in sha Allah, amma wanda ka kalli idonsa ya ce zai zo da wuya ya ƙi.

Cikin mutanen nan ka tabbata akwai mutum ɗaya mai cika lokaci, irin wanda ba ya rasa sahun farko da asuba, shi ne ginshiƙin, sannan akwai mai barkwanci ko da ɗaya ne don tafiya ba hira gajiyarta ninki biyu ce. Mai yawan ƙorafi da mai son shugabanci ku bari sai abin ya kafu tukunna, in suka shigo daga baya za su tarar da tsari, in suka shigo da farko su za su zama tsarin.

Mataki na biyu: rana ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya

Nan ne yawancin ƙungiyoyi suke faɗuwa, kullum ana tambaya a guruf "gobe ƙarfe nawa?" "a ina za a haɗu?" to da zarar abu ya zama sai an yi shawara kowane dare, ya kama hanyar mutuwa. Ku yanke sau ɗaya. Mu namu Asabar, Litinin da Laraba ne, bayan an idar da sallar asuba an yi azkar, a gindin bishiyar darbejiyar da ke gefen masallaci, ana jiran minti biyar kacal a wuce. Wanda ya makara ya san hanya, ya biyo baya. Ranar farko da muka tafi muka bar wani babba a cikinmu an ɗan ji ba daɗi, amma tun daga ranar bai sake makara ba.

Akwai wani gudu da tafiya na kyauta da ake kira parkrun, a wani lambu a Landan aka fara shi a 2004 da mutum 13 kacal, yau ana yinsa a ƙasashe da yawa, kuma babu wani sirri a ciki illa kilomita 5 ne, kowace Asabar da safe, wuri ɗaya, ba sai ka tambayi kowa ba. Mu ma muna da abin koyi da ya fi wannan kusa da zuciya, ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yana zuwa masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa.

Game da yawan tafiyar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, tafiya da ɗan sauri tana ciki. In kuna fita sau uku kuna yin minti 50, kun kai 150 ɗin. Amma ba ranar farko ba fa. Satin farko da na biyu minti 20 ya isa, ku riƙa ƙara minti biyar duk sati har ku kai. Gara mutum ya koma gida yana cewa "ai ban ma gaji ba" da ya koma yana ɗingishi matarsa tana masa dariya, na farkon zai dawo jibi, na biyun sai dai ku gan shi a ɗaurin aure.

Mutanen Kano ku tuna da Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Mu abin da muke yi ranar, mu gama da wuri kafin bakwai sai mu ɗauki tsintsiya da shebur mu yi kwatar layinmu tare, ita ma ai motsa jiki ce.

Mataki na uku: hanya

Kafin ka kai kowa, kai da mutum ɗaya ku bi hanyar a daidai lokacin da za ku riƙa fita, ba da rana tsaka ba, don layin da yake lafiya lau da azahar wataƙila da asuba karnuka ne suke mulkinsa, ko kuma akwai kangon da ɓata-gari suke kwana. Ku duba kwatoci marasa murfi, ku duba inda ruwa ke kwanciya da damina, ku duba inda babu haske. Maganar ƙwacen waya kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, duk ɗan birni ya sani, waya ta zauna a aljihu, mutum ɗaya ya isa ya riƙe tasa don auna tafiya da kiran gaggawa, sauran in za su iya ma su bar nasu a gida. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ku riƙe lambar shugaban 'yan sintirin unguwa da ta wani mai mota a kusa, su za su fi saurin isowa.

Hanyar ta zama zagaye, ku tashi daga wuri ku dawo wurin, kuma ta kasance akwai inda mai gajiya zai yanke ya koma gida ba tare da ya ji kunya ba. A tafiyar mutum ta yau da kullum ana cin wajen kilomita 5 a awa ɗaya, wato minti 30 kusan kilomita biyu da rabi kenan, manhajar waya irin Strava za ta auna muku. In dole sai kun bi bakin titi, ku bi hannun hagu kuna fuskantar motocin da ke tahowa, tunda a Najeriya dama ake tuƙi, ku ga mota ta gan ku, kuma ku jeru ɗaya bayan ɗaya a inda titi ya matse, kar ku baje kamar masu rakiyar amarya. Wanda zai fito da duhu-duhu ya sa kaya masu haske. In akwai filin makaranta ko filin ƙwallo ko harabar wata kwaleji kusa da ku kuma masu wurin sun yarda, ya fi titi sau goma, ba hayaƙi ba hon.

Sai abin da mutane suke rainawa: ku je ku gaida mai unguwa ku faɗa masa, ku faɗa wa liman, ku faɗa wa 'yan sintiri. Ba izini ne na takarda ba, girmamawa ce, kuma kariya ce, a zamanin nan taron maza goma suna zagaya layi da duhun asuba ba wanda ya san da su, kowa zai iya fassara shi yadda ya ga dama. Mu liman ne ma ya sanar bayan sallah, a ranar muka samu ƙarin dattawa biyu.

Mataki na huɗu: jiki da kaya

Duk wanda ya haura arba'in, ko yake da ƙiba, ko ya daɗe bai motsa ba, ya je a auna jininsa da suga kafin ya fara, ko a asibitin sha-ka-tafi ne. In awo yana nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a kai a kai, wannan maganar likita ce, tattaki yana taimakawa amma ba ya maye gurbin magani, kar wani ya yi sati biyu yana tafiya ya ce ya warke ya ajiye ƙwayoyinsa, mun ga wanda ya yi haka kuma bai ji da daɗi ba. Mai ciwon zuciya, mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su ma su ji ta bakin likitansu tukunna. Mai ciwon suga da yake shan magani ko allura ya riƙa sa dabino ko alawa a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri ya tsaya ya ci nan take, kuma ya duba ƙafarsa kullum bayan an dawo don ƙaramin ciwo a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne. Kowa a ƙungiyar ya san wannan: ciwon ƙirji, numfashi ya ƙi, jiri mai ƙarfi, ko baki ya karkace, ba a cewa "daure mu ƙarasa", asibiti ake nufa.

Takalmi shi ne kaɗai abin da zan ce a kashe wa kuɗi. Kambas mai laushin ƙasa da safa, ba sai sabo ba, na gwanjo a Ƙofar Wambai ya wadatar, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura kuma ka bar ɗan sarari a gaban babban yatsa. Silifas yana sa ciwon diddige. Kaya kuwa duk abin da ka sake a ciki, akwai dattijon da har yau da jallabiyarsa yake zuwa da kambas a ƙasa kuma ya fi mu sauri.

Yanayi ma sai an bi shi da dabara. Watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a Kano, to ko dai ku gama kafin bakwai da rabi ko ku haƙura, kowa da gorar ruwansa. In wani ya galabaita a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da suga, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, in kuwa ya fara sambatu ko ya suma sai asibiti. Da hunturu hazo ne matsalar, masu asma su sa takunkumi su riƙe abin shaƙarsu, ranar da ƙura ta yi yawa har ba ka hango ƙarshen layi ku ɗaga zuwa hantsi ko ku bari, a shafa man kaɗanya a ƙafa saboda faso. Da damina in ana walƙiya da tsawa ba fita, kuma ba a fakewa a gindin bishiya. Azumi kuwa kar ku ce an tafi hutu sai bayan sallah, wallahi ba za ku dawo ba, ku mayar da shi bayan tarawihi ko da minti 20 ne a layin da yake da haske.

Mataki na biyar: tafiyar kanta

Mutum biyu ne suke da aiki, na gaba da na baya. Na gaba ya san hanya kuma shi ke riƙe sauri, na baya kuma ba ya taɓa wuce kowa, ko wane ne ya fi kowa nawa to tare suke. Wannan na bayan ya fi ciyaman muhimmanci, saboda wanda aka bari a baya shi kaɗai yana haki yana hango ƙeyar mutane, shi ne wanda ba zai dawo ba, kuma yawanci shi ne ya fi kowa buƙatar tafiyar. Ku riƙa karɓa-karɓa duk sati. In masu sauri sun matsu, su yi gaba su kai kwana su juyo su tarar da na baya, kowa ya samu abin da yake so.

Minti biyar na farko a hankali, sannan a ɗaga ƙafa, minti biyar na ƙarshe a sassauta. Yadda za ka gane saurin ya yi daidai ba sai da agogon hannu mai tsada ba: in kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba, ka yi daidai, in ko magana ta gagara ka rage.

Af, maganar taku 10,000 da kowa yake ɗauka kamar farilla, asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfani ya fitar a Japan a 1965, sunan na'urar ma ma'anarsa kenan. Ba laifi ba ne in ka kai, amma kar ya zama abin gori a guruf, wanda da ba ya yin komai yanzu yana yin dubu huɗu ya ci riba babba.

Wata dabara da muka koya a makare: a rabin hanya a canza abokin tafiya. In ba haka ba aminai biyu za su manne wa juna kullum, sabon zuwa ya zama ɗan rakiya. Kuma abin mamaki, maganar da mutum ba zai iya faɗa maka kuna zaune ido cikin ido ba, sai ka ji ya faɗe ta kuna tafe kafaɗa da kafaɗa kowa na kallon gabansa, bashi ne, rikicin gida ne, yaron da ya fara shaye-shaye ne. A nan doka ɗaya ce mai tsauri, abin da aka faɗa a hanya a hanya yake tsayawa. Wanda ya kai shi majalisa ya kashe ƙungiyar ko bai sani ba.

In an dawo kar a watse nan take. Minti goma a teburin mai shayi ko wurin mai koko da ƙosai, kowa ya biya nasa. Na san wani zai ce an ƙona kitse an zo an mayar, to a rage suga mana, amma kar a soke zaman, rabin mutanenmu don wannan minti goman suke fitowa.

Mataki na shida: guruf, kuɗi da siyasa

Sai kun yi wata ɗaya kuna fita sannan ku buɗe guruf, kuma wanda ya taka ƙafa ya zo sau biyu shi ake sakawa. Ba a tura komai sai abin da ya shafi tafiya da lafiyar 'yan ƙungiya. Ba kuɗin rajista, ba kuɗin wata, ranar da buƙata ta taso a yi karo-karo a kashe a faɗi lissafi a wuce, asusu mai kwana shi ke kawo zargi. Siyasa kuwa, da kun kai mutum ashirin za ku ga wani ya zo da tayin riguna da huluna kyauta daga wani mai neman kujera, ku yi godiya ku ƙi, ranar da kuka sa rigar nan rabin unguwa sun daina ganinku a matsayin masu tattaki. Haka musun aƙida da na ƙwallo in ya fara zafi, na gaba ya ƙara sauri kawai, haki zai raba gardamar.

Amma aikin guruf na gaskiya shi ne cigiya. Duk wanda aka rasa sau biyu a jere, a kira shi, ba don a tuhume shi ba, "lafiya dai ba mu gan ka ba?" kawai. In sau uku ne, ranar Asabar a karkata hanya a bi ta ƙofar gidansa a yi sallama. Ta haka muka gano wani namu yana kwance kwana biyar ba wanda ya sani, iyalinsa sun yi tafiya.

Ɓangaren mata

Mata su yi nasu daban, da jagorarsu mace, kuma a gaskiya sun fi mu riƙe abu in suka fara. Lokacin asuba bai cika yi musu ba saboda abin kari da shirin makarantar yara, abin da na ga ya yi aiki a unguwarmu shi ne bayan an kai yara makaranta, ko bayan la'asar a filin Islamiyya ko makarantar firamare mai katanga, da izinin shugaban makarantar. Hijabi ba ya hana tafiya, a dai samu mara nauyi wanda ba ya jan ƙasa, da kambas. Mai goyo ta zo da goyonta. Maigida kuma in an nemi izininka ka tuna ita ma tana da jini da suga da damuwa kamar kai, wuni a tsakar gida ana aiki gajiya ce amma ba ita ce iskar waje da hirar 'yan'uwa ba. Kuma ba a ɗaukar hoton kowa a watsa sai da yardarta.

Mataki na bakwai: fita ta wata-wata

Zagaya layi ɗaya kullum yana gundura, shi ya sa sau ɗaya a wata ko wata biyu ake fita wani wuri, a nan ne ake gayyato iyali da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Abin kunya ne yadda da yawanmu an haife mu a Kano mun yi furfura ba mu taɓa hawa Dala ba, sai baƙo ya zo daga wata ƙasa ya ba mu labarinta.

Ga hanyar da muka bi kuma zan ba kowa shawararta. Ku fara da Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, akwai matakala, masu ciwon gwiwa su hau a hankali suna hutawa ko su jira a ƙasa ba dole. Daga sama za ku ga birni a shimfiɗe, ga Goron Dutse can, a nan ne wanda ya san tarihi zai ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura, da cewa masu bincike sun samu alamun narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Ku sauko ku ratsa lunguna zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kafin ku isa an fara buɗe rumfuna, ku bi ta wajen masu kayan fata da masu turare. Daga nan Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da gidan Sarki, ku ƙare a marinar Ƙofar Mata ku ga yadda har yau ake rini da baba a rijiyoyin da aka ce tun 1498 suke. Wata fitar kuma ku bi ƙofofi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, ku ga abin da ya rage na badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, ni dai ranar da muka bi raina ɓaci ya yi ganin yadda aka cinye ta da gine-gine da bola, amma gara yaranmu su ga ragowar da idonsu. Mutanen Zariya kuna da Kufena, na Katsina ga Gobarau da Kusugu a Daura, kowane gari da nasa.

Shirin fita ba wuya amma kar a yi shi da ka. Mutum biyu su je wurin kafin ranar su tambayi kuɗin shiga da lokacin buɗewa da inda za a yi alwala da sallah da bayan gida. A rubuta sunan duk mai zuwa da lambar wani nasa a gida. A ƙirga mutane kafin a tashi, a ƙirga a duk inda aka tsaya, a ƙirga kafin a juyo, kowane yaro a damƙa shi a hannun babba ɗaya da sunansa, don "ai muna kallonsu gaba ɗaya" ma'anarsa ba mai kallonsu. Kuɗin mota a karɓa kwana uku kafin ranar, in ba haka ba za ku ɗauki bas mai cin mutum goma sha takwas mutum tara su zo, mu an yi mana. A ɗan ƙara wani abu a kan kuɗin kowa a ɓoye a biya wa wanda ba shi da hali ba tare da an ambaci sunansa ba. A tafi da ruwa, tabarma, ɗan akwatin magani da leda babba ta kwashe shara, kar ku bar wuri da ledojin fiya wata.

In wajen gari ne kamar dam ɗin Tiga, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ku tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki a satin, ku tafi da safe ku dawo kafin magariba, kuma ba wanda zai shiga ruwa ko kwalekwale ba rigar ruwa ko da ya rantse shi ɗan Sarkin Ruwa ne. Wurin da ake da shakku kan tsaronsa a bar shi kawai.

Ranar da mutum biyu kawai suka fito

Za ta zo, yawanci wajen sati na biyar ko na shida, ko tsakiyar sanyin Janairu, zumuɗi ya wuce, ka iso gindin bishiya ka tarar da mutum ɗaya yana hamma. Kar ku koma gida, kuma kar ka shiga guruf kana faɗa kana cewa mutane ba su da alƙawari, gori ba ya dawo da kowa. Ku yi tafiyarku ku biyu cikakkiya, ku sha shayinku, ka ɗauki hoton kofuna biyu ka tura ka rubuta "yau mu biyu ne, sai Laraba in Allah ya kai mu". Sannan da yamma ka kira mutum uku a waya, ba saƙo ba, ka ce wa kowannensu jibi za ka biyo masa ta gida ku wuce tare, kuma ka biyo ɗin, ka tsaya a ƙofa ka yi sallama har sai ya fito da takalminsa a hannu.